Saitin Bindigar Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya amsa kira. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Mun kai shi makwancinsa da hantsi, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke Koki, aka fara karɓar gaisuwa.

Teloli ne suka cika wurin. Kawu ya yi rayuwarsa yana gyaran keken ɗinki, kuma kusan duk telan da ya kwana biyu a cikin birni ya taɓa ɗauko masa kan keke a bayan mashin. Wani dattijon tela ya zauna kusa da ni yana ta girgiza kai. Ya ce, "Shi ke nan, kekunanmu sun zama marayu. Yaran yanzu ba gyara suke ba, cirewa suke su sa sabo." Limamin unguwa ya yi maganar sahun gaba da Kawu bai taɓa bari ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Daga cikin gida ana jiyo kukan Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta baro ɗakinta ta zo ta yi jinyarsa.

Sai na ji wani a bayana yana yi wa na kusa da shi raɗa. "Wai an ce marigayin bindiga gare shi a gida?" Ɗayan ya ce, "Subhanallahi! A wannan zamanin?" Wallahi raina ya ɓaci. Da ba a zaman makoki muke ba da na juya na wanke su tas. Mutum ya ba abu rayuwarsa, ya ƙware a kai har babu na biyunsa a garin nan, sai ga shi ranar mutuwarsa ana faɗin abin da raɗa kamar abin kunya. Wannan raɗar ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Mutum ɗaya ne a duk taron ya zo saboda bindigar. Wani tsoho ne daga Ƙofar Dawanau, da sanda, jikansa ya kawo shi a adaidaita ya koma. Da ya miƙo min hannu na ga ɗan yatsansa na tsakiya guntu ne, nan take na gane shi. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Saura ni da kai." Na ce, "Haka ne, Baba."

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Bindigar Kawu ba ta farauta ba ce, ba ta faɗa ba ce. Ƙaramar bindigar iska ce ta hannu ɗaya, ta wasan harbi. Ba ta cin albarushi. Akwai wani ƙarfe a gefenta da ake ja ya tara iska, a sa 'yar ƙwayar dalma wadda ba ta kai wake ba, mutum ya tsaya a nesa ya miƙa hannu, ya harbi takarda mai baƙar da'ira a tsakiya. Baƙin nan shi ne abin nema. A saman bindigar akwai ɗan tsinin ƙarfe a gaba da 'yar tsaga a baya, su ake daidaitawa da ido, su ne saiti. Tsagar bayan tana da ƙananan noti biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu. In ka murɗa da sukundireba sai ka ji ƙas, saitin ya motsa ɗan kaɗan. Takardar izininta tana nan a cikin akwatinta, Kawu bai taɓa wasa da wannan ba.

A zamanin samartakarsa akwai filin wasan harbi a bayan ganuwa, can wajen Ƙofar Na'isa. An fara kiran Kawu ne ya duba musu wata bindiga da ta ƙi tara iska, saboda an ce hannunsa na da kyau a kan ƙananan ƙarafa. Ya gyara, ya ce a ba shi ya gwada. Daga ranar bai sake barin filin ba. Ya zama shi ne mai gyara, shi ne mai koyarwa, shi ne kuma wanda ba a so a haɗu da shi a gasa. Ni ma a can ya koya min, har na ɗan yi suna.

Gaggawa yake kirana. Ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba. Dalilin kuwa, ni da na harba uku na ga sun kauce wa baƙi sai in rarumo sukundireba. Ya buge min hannu ba adadi a kan haka.

"Ajiye! Me ta yi maka?"

"Kawu, hagu take kaiwa."

"Ita ce take kaiwa hagu ko kai ne? Ka tambayi hannunka? Ka tambayi idonka? Numfashinka fa? Sai ka gama da kanka, ka duba dalma, sannan ka zo kan bindiga. Saiti shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da saiti ƙarya yake so ya yi wa kansa."

Wannan maganar duk wanda ya ratsa ta hannunsa ya haddace ta. Idan mutum yana harbi Kawu ba ya kallon takarda. Gefe yake tsayawa ya goya hannu a baya yana kallon yatsan mutum a kan kunama, wato ɗan ƙarfen da ake ja a harba. Kafin a je a ɗauko takardar zai ce, "Ƙasa ta hagu. Fizga ka yi." A je a duba, haka ne. In ramukan sun warwatse ko'ina ya ce mutum ya je ya sha ruwa ya huta, ba maganar bindiga. In sun taru wuri guda amma ba a baƙi ba, sai ya karɓi bindigar ya ba wani ya harba. In ta kai wancan ma wurin, to, sai ya yarda a taɓa noti. Kuma ko an taɓa, sai mutum ya ƙirga ƙas nawa ya yi, ta wane ɓangare. Ya ce wanda bai san nawa ya murɗa ba, ba zai san hanyar komawa ba.

Tsohon nan na Ƙofar Dawanau, injin niƙa ne ya cinye masa yatsa yana tsakiyar tashensa a harbi. Ya dawo fili bindiga ta ƙi zama a hannunsa, kullum sai ta karkace. Masu fili suka ce ya haƙura. Kawu ya sa shi ya damƙi curin yumɓu, ya ɗauki yumɓun ya tafi da shi gida. Ya yi kwanaki yana sassaƙa itace da 'yar wuƙa, yana cikewa da garin katako da gam, har ya fito da mariƙin da ya cike gurbin yatsan. Mutumin ya ci gaba da harbi shekaru. Kawu bai taɓa ba da wannan labarin ba. In an tayar da shi sai ya ce itacen ne mai kyau.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi masa kwalliya. Kawu yana da taurin kai na ban mamaki, kuma ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. In ya yi wa Hajiya matarsa laifi, ba zai ba ta haƙuri ba, sai dai ta wayi gari ta ga an gyara mata murfin tukunyar da ya daɗe da lalacewa. Ita kuma ta gane, ta ce, "To, na ji." Haka suka zauna har tsufa.

Filin nan ya mutu a kan idonmu. Waɗanda suke ɗaukar nauyinsa suka tsufa, wasu suka rasu. Ƙasa ta rikice, kalmar bindiga ta zama abin da in ka faɗa a mota kowa sai ya juyo. Iyaye suka daina turo 'ya'yansu, ban ga laifinsu ba. Wata rana muka je muka tarar an zuba bulo, yanzu shaguna ne a wurin, ana sayar da tayil. Ni na kama kasuwancin atamfa na bar harbi. Kawu bai bari ba. A gidansa akwai wani dogon lungu tsakanin katangar maƙwabta da bayan ɗakuna. Ya kafa faffaɗan katako a ƙarshensa, ya jera buhunan yashi a baya. Kullum bayan la'asar sai ya ce a kau da yara, ya liƙa takarda, ya yi harbinsa shi kaɗai. Hajiya ta ce da wannan 'yar ƙarar tas ɗin take sanin lokacin ɗora tuwo.

Sai hawan jini ya taɓa shi. Bai kwantar da shi ba a karon farko, ya tashi ya ci gaba da harkokinsa, sai dai in ya ɗauki kofin shayi za ka ga shayin yana rawa. Idonsa na dama kuma ya fara yana. Ya daina karɓar kekuna, ya ce wai ya gaji da surutun teloli. Duk mun san zare ne ya daina shiga allura, amma wa zai faɗa? Harbin ne kawai bai daina ba.

Ranar da abin ya faru ina kasuwa Yaya ya kira ni. Yaya shi ne babban ɗan Kawu, ya girme ni, shi ke riƙe da gidan yanzu. Ya ce in zo maza. Na tarar da lungun jiƙe sharkaf. Akwai randar Hajiya da ke zaune a kusurwa, ƙasa da katakon ta hannun hagu, shekara da shekaru tana wurin ba abin da ya taɓa samun ta. Dalma ta kauce wa katakon gaba ɗaya ta fasa ta. A randar nan jikokin gidan suke shan ruwa in sun dawo daga islamiyya.

Yaya yana tsaye. Ya ce, "Baba, don girman Allah a bar abin nan haka. Yau randa ce. Gobe fa?"

Kawu yana zaune a kan kujerarsa ta katako, bindigar a cinyarsa. Ya ce, "Bindigar ce. Ta daɗe tana kai min ƙasa ta hagu. Bututunta ya lanƙwashe, ko fatar iskar ta mutu."

"Baba, hannunka ne."

"Kai ka san hannu? Ka taɓa riƙe ta?"

Yaya ya juyo gare ni. Ya ce, "To ga wanda ya sani. Ya duba ta. In ita ce, a gyara, a kau da randa, a ƙara katako, na yi shiru. In ba ita ba ce, Baba, ka yi haƙuri, an gama harbi a gidan nan."

Kawu ya ce ya yarda. Ya kalle ni ya ce, "Gaggawa, gobe bayan azahar. Ka zo da hankalinka."

Na kwana na tashi ina roƙon Allah ya sa bindigar ce. Wallahi da gaske nake. Mutumin nan an raba shi da fili, an raba shi da keke, abokansa sun ƙare. Abin da ya rage masa a duniya wanda ya fi kowa iyawa shi ne ɗan lokacin nan na bayan la'asar. Na je da niyyar in tono wa bindigar nan laifi ko da a ƙarƙashin noti yake.

Na tarar ya shimfiɗa tsumma a kan benci ya jera kayan aiki. Shi ke ba da umarni, ni ke yi. Muka fara da dalma. Na zazzage gwangwaninta a tafin hannu ina dubawa ɗaya bayan ɗaya ko akwai masu lotsewa. Akwai 'yan kaɗan, na yi murna, na nuna masa. Ya ce, "Waɗannan ba na sa su. Wuce." Na zura tsumma da zare a cikin bututun na ja, ya fito da ɗan baƙi-baƙi, ba wani abin kirki ba. Na ɗaga bututun ina leƙawa ta hasken rana, a miƙe yake sumul. Na duba bakinsa ko ya taɓa faɗuwa ya ɗan lotse, babu. Na bi notin mariƙi da na jikin bindigar, duk a ɗaure tam. Na girgiza tsinin gaba da yatsa, ko motsi.

"Fatar iska," in ji Kawu. "Ita ce."

Na kwance na fito da ita, 'yar fatar da ke riƙe iska a cikin bindigar. Lafiyarta ƙalau, tana sheƙin man keke. Duk da haka na ce mu canja. Yana da wata da ya yanka da kansa tun da daɗewa, na sa, na mayar da komai. Zufa ta jiƙa min riga. Hajiya ta aiko Auta da ruwa, ta ajiye ta tsaya daga bakin lungun ba ta koma ba.

Kawu ya miƙe ya ce a liƙa takarda. Ya karɓi bindigar, ya gyara tsayuwa. Tsayuwar nan tana nan yadda na san ta, kafaɗa a sake, hannun hagu a aljihu. Ya ɗaga hannu. Ni kuma na koma gefe na goya hannu a baya, ban ma san na yi ba, ina kallon yatsansa. Bakin bindigar yana zagaye kamar mai neman wani abu. Ya daɗe a haka, numfashinsa ya ƙare, sai na ga yatsan ya fizga. Tas. Ƙasa ta hagu, a can gefen takardar. Ya sake, ta faɗa katako. Ya sake, ban ma ga inda ta shiga ba.

Ya ce, "Ka gani? Har yanzu."

Saura abu ɗaya, kuma shi ya koya min. Na ce, "Kawu, kawo in harba."

Ya miƙo min.

Na daɗe rabona da harbi, amma hannu bai manta ba. Na ɗora tsini a ƙarƙashin baƙi yadda ake yi, na matsa kunama a hankali. Dalma ta tafi can sama ta dama, ta bar takardar ma, ta shiga katako. Na yi mamaki. Na sake, ta shiga kusa da ta farko. Na sake, ramukan suka kusa haɗewa. Bindigar da ke tara harbi wuri guda haka ba abin da ke damun ta. Na juya ta na dubi tsagar baya. Ta tafi can gefe har ta kusa fita daga mazauninta. Na sa sukundireba a notin dama da hagu, ya ƙi gaba, ya kai ƙarshe. Na sa a na sama da ƙasa, shi ma haka.

Nan na gane komai. Tun da hannunsa ya fara kai shi ƙasa ta hagu yake bin sa da noti, yau ƙas ɗaya, wani watan ƙas biyu, yana tura saitin sama ta dama don ya rufe. Hannun yana ƙara lalacewa yana ƙara murɗawa, har noti ya ƙare, hannun bai tsaya ba.

Na ce, "Kawu, wa ya murɗe saitin nan har ƙarshe?"

Ya ce, "Wa yake taɓa ta ban da ni?"

Da na yi shiru a nan. Amma ni ba a banza ya sa min suna ba, kuma abin ya yi min ciwo. Na ce, "Haba Kawu! Kai? Kai da ka kumbura min hannu a kan sukundireba? Ina tambayar hannu? Ina tambayar ido? Bindigar nan ba abin da ta yi maka. Lafiyarta ƙalau."

Auta ta ce, "Yaya, don Allah," tana nufin ni. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya miƙo hannu, hannun yana rawa, ya ce, "Ba ni kayana." Na ba shi. Ya goge ta da tsumma, ya kwantar da ita a akwati, ya rufe. Ya ce, "An gode, Malam. A gai da gida."

Malam. Ni.

A zaure na tarar da Yaya yana jira. Ya ce, "Yaya ake ciki?" Na ce, "Ba bindigar ba ce." Ya sunkuyar da kai. Shi ma ba daɗi ya ji ba, kada a ɗauka mugu ne, uba ne mai yara a gida. Bai iya raba Kawu da akwatin ba. Gwangwanin dalmar ya ɗauke ya kulle a ɗakinsa. Daga ranar Hajiya ta koma duba agogo in za ta ɗora tuwo.

An sha ce min da na rufa masa asiri, da na ce bututu ne, a bar tsoho da abinsa. Masu faɗin haka ba su ga randar ba. Ko yau aka sake tambayata abin da zan faɗa ke nan, kuma shi ya koya min faɗinsa. Amma sanin ka yi daidai ba ya hana abu ci maka rai. Na ci gaba da zuwa gaishe shi duk Juma'a. Zai amsa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya sa min albarka. Malam dai, Malam dai. Akwatin yana gefen katifarsa. Auta ta ce wani lokacin bayan la'asar yakan fito da ita ya shafa mata mai ya mayar. Ko sau ɗaya bai sake yi min maganarta ba, ni ma ban yi ba. Na yi ta jiran ranar da zan zo in tarar an gyara min wani murfin tukunya, ba ta zo ba. Ciwon ya dawo karo na biyu ya kwantar da shi, idon ya rufe kusan gaba ɗaya, ya tafi a haka.

Bayan sadakar bakwai Hajiya ta aika a kira ni. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, akwatin a gabanta. Ta tura min shi. Ta ce, "Ɗauki. Ba mai so a cikinsu, tsoronta ma suke ji." Yaya ya kawo gwangwanin dalmar ya ɗora a kai. Ya ce in na ga dama in riƙe ta in nemi izini da sunana, in na ga dama mu kai wa hukuma, shi dai ta bar gidan.

Me zan yi da ita? Fili babu. 'Ya'yana ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake riƙewa, harbinsu a waya yake. Tsohon Ƙofar Dawanau ba ya iya ɗaga kofi. Ni kaina sai da tabarau nake gane zanen atamfa yanzu. Duk abin da ke cikin kan Kawu, yadda ake yanka fatar iska, yadda ake karanta yatsan mutum, ɗan abin da na ɗiba ne ya rage, kuma a kaina zai ƙare. Ba na yaudarar kaina a kan wannan.

Na ɗauki akwatin zan fita, sai na bi ta lungun. Katakon yana nan, buhunan yashin sun fara yagewa, ga sabuwar robar ruwa a inda randa take. La'asar ta yi. Na ce wa Auta ta kau da yara. Na sami ragowar takarda a cikin akwatin na liƙa. So nake in ji ƙarar nan sau ɗaya a gidan kafin ta bar shi. Na san inda za ta kai, can sama ta dama, inda na bar ta. Ban ma gyara hannu don haka ba. Na ɗora tsini a ƙarƙashin baƙi na matsa.

Tas.

Na duba sama ta dama, ban ga sabon rami ba. Na taka zuwa wurin takardar. Ramin yana cikin baƙi.

Na ce sa'a ce. Na koma na sake. Baƙi. Na sake. Baƙi, har ya taɓa na farko. Na juya bindigar na dubi tsagar baya. Tana zaune a tsakiyar mazauninta daram.

Na ce, "Auta, wa ya taɓa wannan?"

Ta ce, "Baba ne. Ana saura 'yan kwanaki ya rasu. Ya ce in tayar da shi zaune in miƙo masa akwatin da ƙaramin sukundireba. Ba ya gani, ni na ɗora masa bakin a kan notin. Yana murɗawa yana kasa kunne, yana ƙirgawa a hankali. In hannun ya kufce sai in mayar masa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ya gama ɗaya ya ce in kai shi ɗayan. Ya daɗe, har na ce ya bari ya huta, ya ce in yi shiru kada in ɓata masa lissafi."

Ashe yana riƙe da lissafin. Duk ƙas ɗin da ya yi a shekarun nan, shi kaɗai a lungun nan, ya san nawa ne, ya san ta wane ɓangare. Bai taɓa ɗauka bindigar ce ba. Ranar da ya zaunar da ni ina leƙa bututu ina canja fata, ya fi ni sanin abin da zan tarar.

Na ce, "Bai ce komai ba?"

Ta ce, "Da ya gama ya rufe akwatin ya ce, a ba Gaggawa. Ya ce a gaya masa kada ya taɓa mata saiti, daidai take."

Na zauna a ƙasa a lungun nan, da girmana da furfurata, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, mai taurin kai, mai gyara abin da ya ɓata ba tare da ya buɗe baki ba. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa da ƙarfin hannunsa a gidan da ba a tsufa. Mu kuma Ka sa mu cika da imani.

Bindigar tana wurina, a ƙasan gado. Ban taɓa notin ba.